Fim Ɗin Da Bai Ƙare A Yerwa Ba

Dala, Yerwa
Bayan ƙaramar Sallah

Zuwa ga taubashiyata Malama Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida 'yarki Raudatu da maigidanta da yaran. Barka da Sallah, barka kuma da fita takaba. Allah Ya jiƙan Ba'ana, Ya sa ya huta, Ya ba mu haƙurin rashinsa. Da gangan na ce "mu". Ke miji kika rasa, ni kuwa abokin hirata na rasa, kuma ba ni da wani.

Kada ki yi mamakin takarda a wannan zamani. Raudatu ta kira ni a waya, ina ta "Na'am? Na'am?" har ta gaji ta kashe. Injin niƙan nan ya gama cinye min kunne. Idona dai ras, hannuna ma bai fara rawa ba, shi ya sa na ce bari in koma abin da aka koya mana a firamare. Pindar, direban da ke lodin Kano, shi zai kawo miki, shi za ki ba amsa in kin ga dama.

Lafiyata lau, sai kaɗaici. Kin san tun da matata Ammatullahi ta kwashe kayanta, ta ce ba za ta zauna da mutumin da ya auri fim ba, ba a ƙara ɗora tukunya a gidan nan ba. A da ban damu ba. La'asar tana yi zan hango Ba'ana ya ɓullo ta kwana, hularsa a karkace, yana gaishe ni da Barbarci, "Wushe, wushe, Bakano!" sai mu zauna a bencin ƙofar injin har magariba. Ba na jin rabin abin da yake faɗa, shi ma ba sauraron nawa yake ba, amma muna tashi kowa ya ƙoshi. Yanzu masu kawo niƙa ke ɗora buhu a kan bencin. Ambaliya ta kore ku Kano, ciwo ya ɗauke shi a can, ko ƙasa ban samu na zuba masa ba. Wannan abu yana ci na, wallahi.

Na leƙa gidanku na Moduganari. Ruwa ya bar shaidarsa a bango har kafaɗata. Ƙofar ɗakinki ta kumbura ba ta rufuwa, laka ta bushe a tsakar gida duk ta tsattsage. Dogonyaron dai yana nan.

Ina tsaye a wurin sai fim ɗin nan ya faɗo min a rai, na Indiya, na mai fito, wanda muka yi ta kallo a tsohuwar silima ni da shi har muka haddace, alhali ko kalma ɗaya ta yarensu ba mu ji. Ku mata ba a barin ku zuwa silima, a bakina kika ji shi, a zauren Kawu da ya riƙe ki, lokacin kina makarantar horon malamai. Kin tuna? Abokai biyu, yarinya ɗaya. Mai fito ya gane abokinsa ma yana son ta, sai ya haɗiye nasa. Ranar biki ya sa ta a kwalekwalensa da kayan amarci, ya tuƙa ta da hannunsa zuwa tsallake, inda abokin ke jira. Yana tuƙi yana waƙa yana hawaye, fim ya ƙare a tsakiyar ruwa, silima ta kaure da tafi. Ni har yau ban ga so irin wannan ba.

Kin san kuma ban tsaya a kallo ba. Ranar da Ba'ana ya ce min ke yake so, ban ce masa ni ma ba. Babbar rigata na sa, na je gaban Kawu na nema masa ke. Ban taɓa nadama ba. Sai dai ki sani mai fiton nan bai mutu ba, yana nan bakin ruwa da tsohon kwalekwalensa.

A shafa min kan jikoki.

Taubashinki,
Garzali

*

Rijiyar Zaki, Kano

Yaya Garzali,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, duk ta yi fari da garin dawa, sai da na kaɗe ta kafin in iya karantawa. Na gode da addu'a. Allah Ya karɓa, Ya bar zumunci.

Jiki da sauƙi. Gwiwa ce ta ƙi, sai hawan jini da yake zuwa yana komawa. Raudatu ba ta rage ni da komai ba, amma Kano ba garina ba ne, ko da daga nan kakarka da kakana suka fito. Hausata ma dariya suke yi mata a nan, wai ta Barebari ce. In na sa turaren wuta sai maƙwabta su yi ta leƙowa suna tambaya ko biki ake.

Kai kuma har yanzu a bakin titi kake cin abinci? Mutum da furfurarsa, kullum burodi da shayi? Ai dole ka rame. Sannan auduga nawa take, da ba za ka toshe kunnen nan ba in kana gaban injin? Tun yaushe ake faɗa maka. Ba'ana ya yi magana har ya gaji.

Batun gida ya tayar min da hankali. Ba na son a ga gidan Ba'ana a wulaƙance, shi da ko kara ba ya bari a tsakar gida. Ba ni da wanda zan sa sai kai. Don Allah ka nemo masu kwashe lakar, a gyara ƙofofi, a yi fenti. Raudatu za ta turo abin aikin. In ya gyaru ka aiko min, zan zo da kaina, don akwai maganar da ta daɗe tana jira, gara a gama ta kowa ya huta. Shekaru sun ja, ba mu da lokacin ɓatawa.

Mai fito kuwa, ka bar bawan Allah ya huta. Na faɗa maka ra'ayina a kansa tun a zauren Kawu, ka yi dariya.

Ka gaida mutanen Dala.

Ƙanwarka,
Sa'adiya

*

Dala, Yerwa

Sa'adiya,

Sallama da gaisuwa, da fatan gwiwa ta saki. Ki riƙa shafa man zafi, ki rage gishiri. Ni kam tun da takardarki ta zo ban san inda ciwon bayana ya shiga ba. Na karanta ta har ta fara yagewa a wurin ninki.

Na rufe injin na koma Moduganari da zama, ni ne ɗan kwangila, ni ne lebura. Matan unguwarmu suna ta tsine min, wai na bar su da hatsi a kai. Su yi ta yi. An kwashe laka, an yi sabon daɓe, kafinta ya fere ƙofar ɗakinki, yanzu da yatsa ɗaya take rufuwa. Mai fenti ya kawo ruwan madara, na ce ya mayar da abinsa. Kore na sa ya yi wa ɗakinki, irin koren gyalen da kike yafawa in za ki makaranta. Kina tsammanin na manta? Ki ce wa Raudatu ta riƙe abin da za ta turo, wannan aikina ne.

Na gane maganar da ta daɗe tana jira. Haba, Sa'adiya, ai ni ma jiran nake. Kunya ce ta hana ni fito da ita a takardar farko, na ce kada a ce ko zanen takaba bai bushe ba. Ashe ke kin fi ni zuciya. Gaskiyarki, shekaru sun ja.

Na kai shadda wurin tela. Na ɗan yi wa limaminmu magana a kaikaice, ya ce abin alheri ne, kuma shi kansa marigayin zai fi son a ce amininsa ne ya riƙe masa iyali. A teburin mai shayi ma an fara tsokana ta, wai ango ya fara aski duk mako. Ni ban ce musu komai ba. To, na ɗan ce.

Kin yi min faɗa kan burodi da shayi. Shekara nawa rabon da wani ya damu da abin da na ci? Na zauna a kan bencin nan na yi ta dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Audugar ma na saya.

Ba'ana ya ci rabonsa, ban yi masa hassada ba, Allah ne shaidata. Na kai masa ke har tsallake, na dawo ni kaɗai. In Allah Ya ajiye min ɗan abin da ya rage, wa zai ce ban cancanta ba?

Gida ya gyaru. Ki faɗa min ranar, in zo tasha da Keke.

Naki,
Garzali

*

Dala, Yerwa
Bayan babbar Sallah

Malama Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Duk ranar da Pindar ya shigo gari ina tasha, har ya fara kauce min. Layya ta zo ta wuce, na ajiye miki soyayyen nama a kwano har ya fara canja wari. Ruwan sama ya sauka, na je na duba, ko ɗigo babu a ɗakinki.

Jiya ina gidan ina share ganyen dogonyaro, sai ga Sa'id ƙanin Ba'ana da wani mutum mai igiyar awo. Na tambaya, ya ce dillali ne. Wai ke kika ce a gyara don a yi masa kuɗi, za a raba gado. Ya yaba fentin, ya ce sai dai koren ya yi yawa, mai saye zai canja. Sannan ya kalle ni ya ce, "Ashe an ce za mu sha biki?" Dillalin ya juya baya yana dariya.

Sa'adiya, me ke nan? In Sa'id ƙarya yake, ki rubuto in je in same shi. In gaskiya ne, to da wace fuska zan ƙara zama a teburin mai shayi? Shaddar tana rataye a ƙusa, ko gwada ta ban yi ba.

Ban cancanci wannan daga gare ki ba. Ni da na ba da ke sukutum saboda so.

Garzali

*

Rijiyar Zaki, Kano

Yaya Garzali,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya yanzu. Takardarka mai maganar shadda ita ta kai ni gadon asibiti, jinina ya hau. Da na fito na rubuta maka amsa ba ɗaya ba, ba biyu ba, duk na yayyaga, don zagi ne a ciki, kai kuma yayana ne.

Sa'id bai yi ƙarya ba. Maganar da ta daɗe tana jira rabon gado ne. 'Yan'uwan Ba'ana sun yi haƙuri har na fita takaba. Na ɗauka duk mai hankali zai gane. Amma kai ka karanta abin da kake so, ka kai wa liman, ka kai wa mai shayi. Sunana, ni da jikoki, yana yawo a bakin 'yan shayi! Wa ka tambaya? Yadda ka yi a da haka ka sake yi yanzu. Ka zauna kai kaɗai ka yanke inda za a kai ni, sannan ka fara yi wa kanka waƙa.

"Na ba da ke." Taka ce ni? Akuya ce ni? Tunda kai ka ɗauko zancen, to zauna ka ji.

Ina son ka a lokacin. Duk gidan Kawu an sani, har kajin gidan. Ranar da aka ce ka zo da babbar riga, na shige ɗaki, matar Kawu har ta fara guɗa ƙasa-ƙasa. Sai aka ce wa Ba'ana kake nema. Kawu ya kira ni ya tambaye ni, bai tilasta min ba, Allah Ya jiƙansa. Na ce na yarda. Me zan ce? Mutumin da nake so ne ya zo da ƙafarsa yana roƙon a ba wa wani ni. In durƙusa in roƙe ka? Ranar da aka kai ni, kai ne babban abokin ango, kai ka yi cinikin sayen baki, kana barkwanci, ƙawayena suna ta shewa. Aka biya, na ƙi magana. Kuka ce kunya ce. Ba kunya ba ce, na san in na buɗe baki abin da zai fito ba na amarya ba ne.

A zauren Kawu da ka gama ba ni labarin mai fito, na ce maka wannan mutum wawa ne, ko tambayar yarinyar bai yi ba. Ka ce mata ba ku gane fim.

To, ga abin da ba ka sani ba. Fim ɗinka ba a tsakiyar ruwa ya ƙare ba. Akwai saura. Waƙar tana ƙarewa mai fiton ya ɗaga filafilinsa daga ruwa, ya juyo ya tambayi yarinyar wa take so. Ta faɗa masa. Ya juya kan kwalekwale suka koma. Abokin yana tsaye a gaɓa da furanni a wuya yana kallo, ya yi kukansa, daga baya shi ya tsaya musu a bikin. Jarumin naka bai ba da kowa ba, Yaya Garzali. Kai kaɗai ka bayar.

Ba daga waya na gani ba jiya. Ba'ana ne ya fara gani, a silimar Kano, lokacin da ya kai bandar kifi kasuwa, Raudatu tana goye. Ya dawo ya kasa cin abinci. Da bidiyo ya zo gari har kaset ɗin ya saya. Yana nan cikin akwatina yanzu. A da, in aka ji sallamarka a ƙofa sai ya tura shi ƙarƙashin katifa.

Ban so in faɗa maka ba, shi ma bai so ba. Kai ka ja.

Na gode da aikin gida. Allah Ya saka. Abin da ka kashe za a fitar maka kafin rabo, kada ka yi min gardama.

Sa'adiya

*

Dala, Yerwa
Tsakiyar damina

Sa'adiya,

Sallama. Na yi murna da kin fito asibiti, na kuma yi baƙin cikin ni na kai ki. Ki yafe wannan. Ni jikina ba daɗi, amma ba na likita ba ne.

Da na karanta takardarki na ce ƙarya kike, haushi ne ya sa ki ƙirƙira. Na hau mota na tafi Khaddamari wurin Nicodemus, wanda yake haska mana fim a silima. Ya tsufa, yana zaune wurin ɗansa suna noman albasa. Sai da ya sa bakinsa a kunnena yana ihu kafin in ji. Ya ce a gwangwanaye fim yake zuwa, kuma mu Yerwa mu ne ƙarshen hanya, duk fim ɗin da ya iso nan ya riga ya sha wuya a Kano da Kaduna da Jos. Wannan ya zo babu gwangwanin ƙarshe. Manaja ya ce a haska haka, shi kuma ya liƙa alamar ƙarewa a bayan waƙar, ya ɓuya don kada a jefe shi da benci. Sai ya ji tafi. Tun daga nan duk zuwan fim ɗin haka suke yi. Yana ba ni labari yana dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Mutanen Yerwa sun fi son shi haka ai." Na taya shi dariyar. Me zan yi?

Na dawo na je shagon masu tura fina-finai a waya. Suna da shi, har an yi masa fassarar Hausa, sai dai ni ba jin ta zan yi ba. Ban buƙaci ji ba. Na ga filafilin ya fito daga ruwa. Na ga ya juyo. Na mayar baya na sake kallo, ko zai fasa. Bai fasa ba.

Ba ke nake jin haushi ba, Ba'ana nake ji. Allah Ya gafarta min, yana kabari. Shekara da shekaru ina ba da labarin nan a gabansa, ga baƙo, ga ɗan gari, yana gyaɗa kai. In na zo wurin waƙar har taya ni yake, yana buga benci da tafin hannu. Ashe kaset yana ƙarƙashin katifa. Wane irin aboki ne wannan? Kullum la'asar ya zo ya zauna kusa da ni, ya kalli wawansa, ya koma gida wurin matarsa ya ci tuwo. Ni ina ganin na yi masa abin da ba wanda ya taɓa yi wa wani, shi yana ganin mutumin da aka yanke wa fim. Tausayi ne ya riƙa kawo shi ke nan? Da na sani da na ce ya riƙe tausayinsa. Jiya na sa an ɗauke bencin, an kai shi bayan injin.

Ke ma kina da baki. Kin iya faɗa wa yara ɗari su yi shiru su yi, amma kalma ɗaya ta gagare ki a gaban Kawu. To, na ji, ba ke ya kamata ki fara ba.

Na rasa matata Ammatullahi a kan abin nan, ita da ba ta ci ba ba ta sha ba. Ba ɗa, ba jika. Abin da nake da shi kawai shi ne na taɓa yin abin kirki sau ɗaya, yanzu shi ma kin karɓe.

Saura abu guda. Kin ce ban taɓa tambaya ba. Ban gaya wa liman ba, ban gaya wa mai shayi ba, Pindar ma bai san abin da ya ɗauko ba. Ba fim, ba waƙa. Sa'adiya, ina son ki, tun kina yafa koren gyale har yau. Ni tsoho ne, kurma, mai ɗaki biyu da injin niƙa. Za ki aure ni?

Duk abin da kika ce, naki ne.

Garzali

*

Rijiyar Zaki, Kano

Yaya Garzali,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina lafiya, gwiwa ma ta yi sauƙi, har ina sallah a tsaye. Ina fata kana cin abinci.

Na karanta tambayarka. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Raudatu tana ta bugawa, na ce ta ƙyale ni. Wannan ita ce takarda ta farko da ka rubuto mini, sauran duk kanka ka rubuta wa.

Amma kafin in amsa, ka janye maganarka a kan Ba'ana. Na ce masa ya faɗa maka tun a lokacin. Ya ce, "Sa'adiya, mutumin nan da wannan labarin yake tashi, da shi yake kwana. In na cire masa, a kan me zai tsaya?" Na ce to tsoro kake. Ya ce eh, da tsoron ma, kada ka daina kula shi. Tausayi ba ya kai mutum Dala kullum, a rana, a ruwa, a lokacin da ake tare hanya ana bincike. Sau nawa na ajiye masa abinci ya huce saboda kai? A asibiti, da bakinsa ya fara nauyi, abin da yake tambaya shi ne wa yake zama da Bakano yanzu. Ka mayar da bencin inda yake.

Akwai kuma abin da ban rubuta maka ba wancan karon, don ina cikin fushi, ban ga ka cancanci ji ba. Ranar da ya dawo daga Kano ya kasa cin abinci, bayan ya gama ba ni labarin ƙarshen fim ɗin, sai ya cire hularsa ya ajiye a tabarma. Ya ce da Hausarsa ta Barebari, "Ni na san Garzali kike so. Na yi shiru na karɓa, don ina son ki. Yanzu ki faɗa. In shi ne, zan sake ki, in kai ki da kaina, yarinya kuma ki riƙe." Na kalle shi, ƙato guda yana zufa, yana jiran hukunci. Duk duniya ba wanda ya taɓa tambaya ta wa nake so sai shi, kuma shi ne wanda zai yi asara.

Na ce masa ya sa hularsa ya ci abincinsa. Ba a ranar na so shi ba, ba zan yi maka ƙarya ba. A hankali ya zo, cikin ciwon yara da tafiye-tafiyensa na Baga sayen kifi da faɗan cefane, har na wayi gari in ya yi dare a hanya ba na iya zama. Ba shi da waƙa, ba ya iya ba da labari. Amma son da yake min, bai taɓa ganin abin kyautarwa ba ne.

Ka ce na karɓe maka abin kirkinka. Ban karɓe ba. Ka riƙe shi amana, ka riƙe gidansa, ba ka taɓa yi min kallon banza ba ina matarsa. Wannan naka ne. Abin da na ƙi shi ne ka kira wancan so. Ka fi son yadda kake a cikin kwalekwalen fiye da wadda ke zaune a bayanka.

Da ka yi tambayar nan a zauren Kawu, da kafin ka rufe baki na amsa. Yanzu amsata a'a ce.

Ba don fushi ba, ba don tsufanka ko kunnenka ba, ba kuma don bakin mutane ba. Malamai suna cewa mace, in Allah Ya yi mata rahama, mijinta na ƙarshe ake haɗa ta da shi a can. Na yi ta juya wannan magana tun ina takaba. Ba zan sa kowa tsakanina da Ba'ana ba, ko kai ne. An kai ni gare shi sau ɗaya ba da zaɓina ba. Wannan karon da ƙafata nake son in je.

Zan shigo Yerwa in ruwa ya ɗauke, saboda rabon. Zan sauka gidan Sa'id. Ka zo mu gaisa a zaure kamar 'yan'uwa, zan ɗaga murya yadda za ka ji. Kada ka zo tasha.

Ƙanwarka,
Sa'adiya, matar Ba'ana